Rasuwar Sitiyarin da Ya San Hanyar Gidan Kofi

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Radivoje Pantelić na garin Ivanjica yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, sitiyarin tsohuwar motarsa ruwan toka, wanda ya cika ranar Talata a garejin Gvozden bakanike, yana dab da shekara hamsin.

Marigayin mai haƙuri ne, bai san gaggawa ba. Sai an juya shi taƙi guda kafin ya sanar da tayoyi cewa da su ake. In ya sha kwana yakan ce "ƙiii", in an faɗa rami ya ce "ƙwas", ba a taɓa jin ƙorafinsa ya wuce haka ba. Amma halin da aka fi saninsa da shi shi ne ja dama. Duk Asabar, in Radivoje ya ɗauko matarsa Milunka za su ƙauye gaida yayarta, da sun zo saitin gidan kofin Stanoje, inda abokai ke buga karta, sai marigayin ya karkata da kansa.

"Kin gani ko, tsohuwa? Ba ni ba ne," in ji Radivoje. "In na matsa masa, kwata za mu faɗa." Sai Milunka ta hau bas.

Ciwon ajali ya faro ne daga tayoyin gaba, da suka riƙa cinyewa ta gefe guda. Milunka ce ta gani, ta sa aka kai motar wurin Gvozden, wanda ɗan wanta ne. Ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya ce kowace ƙafa da inda ta nufa.

"Ɗana, ka bar masa ko ɗan ja kaɗan," Radivoje ya raɗa masa.

"Kawu, goggo na bayanka."

Aka cire marigayin har da akwatinsa, aka ɗaura sabo, aka saita ƙafafu. Da Asabar ta zo, mota ta wuce gidan kofi sambal. Abokai suka miƙe da karta a hannu, suka cire huluna. Radivoje bai ɓoye hawayensa ba.

Marigayin ya bar birki mai yawan shekaru, giya huɗu da ta baya wadda ita ma ba lafiya gare ta ba, madubi guda, sai Radivoje, wanda yanzu ya san sunan kowace akuya ta yayar matarsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a gidan kofin Stanoje, inda za a rataye marigayin a bango, a raba dafaffiyar alkama. Sadakar arba'in ma a nan za a yi ta. Radivoje ya ɗauki alkawarin ziyartar makwancin duk Asabar, don ba a yar da amini saboda ya mutu.

Da aka karanta wa Milunka wannan sanarwa, sai ta ɗauki jakarta ta shiga bas. Ta ce, "Da ransa ya kai ka, ya mutu ma bai fasa ba. Ajiye min makulli, Gvozden zai koya min tuƙi."