Ranar da Na Kwance Taya Huɗu

Matso kusa ka ji, ɗan'uwa. Na sayo injin kwance noti mai batir, mai arha, na shigo unguwarmu Nima ina ta washe baki. Ranar da zan ɗauko surukata daga filin jirgi, ta dawo daga Makka, taya ɗaya ce kawai ta yi faci a motata. Da na ji firrr, noti ya fito, daɗi ya kwashe ni! Maƙwabta na tafi na aro bulo, na ɗora motar a kai, na kwance duka huɗun. Sai batir ya mutu, ban mayar da ko ɗaya ba. Ga dumso, wato an ɗauke wuta, babu wutar caji. Tsohuwar sifanata kuwa tun jiya na ba 'yan gwangwan.

Matata ta ce, "Maigida, bulo Hajiya za ta hau?"

A tasi aka ɗauko ta. Har yau mai kokon layinmu na cewa, "Injiniya, yau taya nawa?" Tsakani da Allah, kai da za ka tsaya a ɗaya?