Ranar da Na Kori Direban Babanmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kori dattijo daga aikinsa ba, ni da ko kaza ce ta shigo ɗakinmu sai na jira ta gama abin da take yi ta fita don kanta. Ina aji biyu a babbar sakandare lokacin, kuma a duk gidanmu na Zangon Kumasi, mai ɗakuna goma sha ɗaya da famfo guda, abu ɗaya aka san ni da shi: ba na magana. In an gaishe ni, yatsun ƙafata nake amsa wa. Amma ina gani. Na san takalmin kowa a ƙofar ɗaki, na san wadda ke ƙara wa kokon da take sayarwa ruwa in layi ya yi tsawo. A ɓoye har taƙama nake da wannan ido nawa.

Abin ya faro ne daga wata tsohuwar laftof da Baba ya sayo mini, irin waɗanda ake kawowa daga waje bayan masu su sun gaji da su. Kafin ta gama buɗewa sai ka je ka yi alwala ka dawo. Yaya Muniru, ɗan wan Baba da ke karatun kwamfuta a Akra, ya zo hutu, ya share duk abin da ke cikinta ya sa mata Linux. Ya ce kyauta ne, kuma kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara, kamar motar da aka ɗaga wa murfi a Magazin, unguwar makanikai. Ta yi sauri kuwa. Kwana biyu ina jin daɗinta, har makaranta na kai ta cikin jaka don a gani. Yaya na komawa Akra, na danna wani abu da ya ce in sabunta, na sake kai ta makaranta, ina dawowa sai na tarar intanet ya ɗauke. Ga wayar Mama a gefenta tana raba intanet, amma laftof ta yi kamar ba ta taɓa saninta ba. Ranar Litinin kuma akwai aikin makaranta da za mu tura.

Na rubuta wa Yaya saƙo. Ya ce wataƙila direba ne ya lalace wajen sabuntawar. Direba, in ji shi, wata ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin kwamfuta da kowane ƙarfe na cikinta. In ya samu matsala, ƙarfen na nan lafiya amma ba mai tuƙa shi. (Don Allah ku lura, na fahimci wannan tun farko. Ban je tasha neman direba ba, kamar yadda ƙawayena ke ba da labarin yanzu.)

Safiyar Asabar na tarar da Baba yana shan shayi. Ya tambaye ni ya laftof, na ce direbanta ne ya ƙi aiki. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "To a cire shi a sa wani mana."

A nan ya kamata in gabatar muku da Baba Seidu. Shi ke tuƙa lorin Baba tun kafin a haife ni, yana ɗauko masara da doya daga arewa. Mutumin unguwar Moshi Zango ne, amma shi da matarsa Mma Salamatu suna zaune a gidanmu, a ɗakin ƙarshe kusa da famfo. Mutum ne mai tsafta da ba ya son raini. Kuma akwai abin da na sani game da shi wanda na tabbata ba kowa ya sani ba: ya yi tabarau. Yakan sa shi in zai duba lamba a waya, amma da ya ji tarin Baba a zaure sai ya zare ya tura aljihu. Na gani sau da yawa, ban gaya wa kowa ba.

Da azahar na kira Yaya. Na zauna kan gado ƙarƙashin taga, na toshe kunnuwana biyu da abin sauraro. (Wanda ya toshe kunne bai san ƙarfin muryarsa ba. Tagar kuma famfo take kallo.) Ya sa na jona wayar Mama da igiya don laftof ta ɗan sami intanet ta nan, tunda abin dariyar shi ne sai da intanet ake sauko da direban da zai kawo intanet. Ya sa na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Ta tambayi kalmar sirri, na rubuta, ban ga komai ya fito ba, ko ɗigo. Sau uku ina rubutawa, har na fara tunanin madannan ma sun mutu, kafin Yaya ya gama dariya ya ce haka take yi, ɓoyewa take. Daga nan muka nemo sunan ƙarfen da ke kama intanet, wasu haruffa da lambobi da na kwafa a bayan littafin lissafi. Yaya ya ce akwai sabon direba, amma ba zai zauna ba muddin tsohon na nan. Sai an cire tsohon, an sa sunansa cikin jerin waɗanda aka hana su tashi.

Yaya Muniru ne kaɗai mutumin da nake sakin baki da shi, kuma ranar ina so ya ji cewa ni ma na zama gwana. Ga abin da na faɗa, kamar yadda aka maimaita mini shi daga baya, kalma bayan kalma:

"Yaya, ni na gaji da direban nan paa. Ya tsufa. Ba ya ganin komai, ko abin da ke kusa da shi ba ya gani. Na ba shi umarni sau uku, ko amsawa bai yi ba. Baba ma ya ce a cire shi a sa wani. Kafin Litinin nake so sabon ya fara aiki, tsohon kuwa a hana shi tashi gaba ɗaya."

Cajin wayar Mama ya ƙare kafin mu cire komai, muka bar shi sai gobe. Da na cire abin kunnen na ji ruwa na zuba. Na leƙa, na ga bokitin Mma Salamatu ya cika yana malala, ga wankinta a jiƙe, ita ba ta nan. Na lura da wannan sarai. Har na fita na rufe famfon, ina yaba wa kaina hankali.

Lahadi da hantsi aka yi sallama a zaure. Limamin unguwarmu ne, da Ciyaman na direbobin tasha, wani ƙaton mutum mai carbi a wuya, sai Baba Seidu a bayansu cikin rigarsa ta Juma'a. A Kumasi mai babban roƙo ba ya zuwa shi kaɗai, manya yake ɗaukowa su yi magana a madadinsa, kuma ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Ni aka aika da ruwan. Na miƙa wa kowa, Baba Seidu ya karɓa bai dube ni ba. Na koma bayan labule na tsaya, kamar yadda na saba.

Liman ya yi addu'a, sannan ya ce, "Alhaji, ɗan'uwanka Seidu ne ya same mu. Ya ce ba ya jayayya da hukuncinka, lori naka ne. Abu ɗaya ya yi masa ciwo: bayan duk shekarun nan, a bakin yara zai ji an sallame shi."

Baba Seidu ya ciro makullin lori ya ajiye kan tabarma, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Baba ya ce, "Wa ya sallami wa? Seidu, lafiyarka?"

Kafin kowa ya amsa, Baba Seidu ya sa hannu a aljihu ya fito da tabaran. Ya ce, "Maganar gaskiya ce, Alhaji. Idon ya ragu. Wata huɗu ke nan ina ɓoye maka. Da wannan ina gani sosai, wallahi, amma na ji tsoron ka ce na tsufa. Tunda har an gane, ba sai an hana ni tashi a gaban tasha ba. Ni zan sauka da kaina."

"Hana shi tashi." Na san bakin da wannan magana ta fito.

Baba ya ce, "Wa ya faɗi wannan magana a gidana?"

Mma Salamatu ce ta amsa daga ƙofar zaure, idanunta a kumbure, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Yarinyanka ne ya faɗa, Alhaji. Da kunnena na ji."

Nan take Baba ya ɗaga murya ya kira yayata, wadda ta yi suna wajen surutu. "Rabi!"

"Ba Rabi ba," in ji Mma Salamatu. "In Rabi ne ai ba zan ɗauka ba kraa, ko kaɗan. Wannan ne, wanda ba ya magana. Shi ya sa na san gaskiya ne."

Aka ɗaga labule. Na fito tsakiyar zauren. Na durƙusa, na zuba wa wani ɗan rami a tabarma ido, na ce da wata murya da ni ma da ƙyar na ji, "Ba Baba Seidu ba ne. Na cikin laftof ne."

"Na cikin me?" in ji Ciyaman.

"Laftof. Akwai direba a ciki."

"Saa? Da gaske? A cikin akwatin nan? Wace tasha yake lodi? Ya yi rajista da mu?"

Ba wanda ya yi dariya, don ba a riga an san ko abin dariya ba ne. Baba ya ce, "Ke, bar wannan. Ni na ce miki a cire direba?"

Ya kamata in yi shiru, abin da na fi iyawa a duniya. Amma sai na ce, "Ka ce, Baba. Jiya, kana shan shayi."

Liman ya juya ya dubi Baba. Ciyaman ya dubi Baba. Baba ya dafe goshi ya ce, "Innalillahi. Je ki kawo mana direban nan mu gan shi."

Na kawo laftof, na buɗe baƙin allon, na fara bayani ina in'ina: ga sunan ƙarfen, ga tsohon direba, ga inda ya kamata sunan wayar Mama ya fito amma babu komai. Baba Seidu bai saurari ko ɗaya ba. Ya sa tabaransa, karo na farko a gaban Baba, ya jawo laftof ɗin ya fara zagaya ta da yatsa, gefe da gefe, yadda yake zagaya lori kafin ya tayar. Sai ya tsaya a gefen hagu.

"Wannan ɗan makunnin fa, na mene ne?"

Wani ɗan abu ne da bai kai ƙwayar wake ba. Ban taɓa ganinsa ba. Ni, mai sanin takalmin kowa. Ya tura shi da farce, wata shuɗiyar fitila ta kama, sunan wayar Mama ya fito, da na wasu maƙwabta har huɗu. Ashe makunnin intanet ne, ya goce ranar da na cusa ta cikin jakar makaranta. Tsohon direban cikin laftof ɗin ma ba shi da laifin komai.

Ciyaman ne ya fara fashewa, har carbinsa na tsalle a ƙirji. "Alhaji, wanda aka ce ba ya gani, shi ya gani! Yarinya, ki ba shi aikin nan ma ya haɗa biyu!"

Baba bai yi dariya ba tukuna. Ya ɗauki makullin ya sa a tafin Baba Seidu ya rufe da hannunsa, ya ce, "Seidu, ni ma da tabarau nake karatu. Ka sa abinka a kan hanya, kada in ƙara jin yana aljihu." Sannan ya juyo gare ni ya nuna ƙofa da haɓa. Na rarrafa har gaban Mma Salamatu na ba ta haƙuri. Wannan ya fi komai wuya, don a nan na ji cewa tun jiya ba ta ɗora tukunya ba, har ta fara ɗaure kayansu a zani. Ta ce, "Yoo, na ji," amma sai da aka yi mako biyu kafin ta sake kiran sunana.

Baba Seidu kuwa ya yafe tun a zauren, sai dai yafiyarsa na da tsada. Har yau in zai fita da safe sai ya tsaya a ƙofarmu ya ƙame, ya ce da ƙarfi yadda duk gida zai ji, "Manaja, yau ina da aiki, ko an sa sabo?" Ni kuma in amsa wa yatsun ƙafata.

Da can na ɗauka shiru mafaka ce, cewa wanda ba ya magana ba zai iya ɓata wa kowa ba. Ashe duk shirun da kake yi tara wa maganarka nauyi kake, ranar da ka buɗe baki kuma ba mai tsayawa ya bincika. Rabi za ta iya korar duk direbobin Kumasi kafin la'asar, ba wanda zai fasa wankinsa. Shi ya sa yanzu nake ƙoƙarin yin ɗan shirme kullum, ko sau ɗaya ne, a gaban mutane, don a daina yarda da ni haka kawai.