Ranar da Na Ƙirga Shanun Baffa Altine

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka ba ni jagorancin mutum goma sha huɗu na rabin yini, na kusa sa a kore mu daga bakin rijiya tun da hantsi.

Muna shekarar ƙarshe ta digirin lisansi a jami'a, sashen yawon buɗe ido (kada ku tambaye ni ina masu yawon suke a wannan zamani, mahaifiyata ta riga ku tambaya). Malaminmu na darasin jagoranci, Dokta Gado, Ba'are ne, wato ɗan ƙabilar Arawa, mai ƙarancin magana. Ya ce shi ba ya auna jagora a kan tebur. Sai ya kwashe mu zuwa karkara, kowane ɗalibi ya riƙe ragamar tafiya na rabin yini, sauran su zama baƙi, shi kuma yana baya da takardar maki. Wanda ya kasa samun goma cikin ashirin zai maimaita shekara.

Ni aka ba wata ruga kusa da Bonkuku, saboda ni ɗan Filinge ne. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a bayan ofishin babana na girma, saniya kuwa sai dai in gan ta ranar kasuwa. Don haka na yi abin da na fi iyawa: na kwana uku ina tsara jadawali. Minti ashirin bakin rijiya, minti talatin wajen masu yin cuku, har da minti biyar na “ko da wani abu zai faru”.

Mai masaukinmu Baffa Altine ne, dattijon Bafulatani da Dokta ya yi shekaru yana kai wa ɗalibai. Mun same shi yana jan guga, jajayen shanunsa na jiran layi a bakin kwami. Na yi gaisuwa daidai, in ban yi kuskure ba har Dokta ya gyaɗa kai. Sai Ramatu, ƴar ajinmu da aka ba matsayin baƙuwa mai yawan tambaya, ta ɗaga hannu ta ce tana son sanin shanu nawa ne dattijon ke da su.

Ko yaron goye a ƙasarmu ta Kurfey ya san ba a ƙirga wa makiyayi dabba, ba a ma tambayarsa. Ni ma, ina jin, na sani. Amma takardata tana da gurbi da aka rubuta “adadi”, ni kuwa ban taɓa iya barin gurbi ba komai ba. Na matsa gaba, na miƙa biro kamar sanda, na fara da murya sama don baƙina su amfana: ɗaya, biyu, uku.

Wajen ashirin da wani abu na lura ƙarar guga ta tsaya. Baffa Altine ya naɗe igiyarsa a hankali, ya tambayi Dokta ko mai karɓar haraji ya kawo masa bana. Bai jira amsa ba. Ya yi wa shanun wata ƴar kira, suka juya baya ga ruwan da rabinsu ba su sha ba, ya bi su.

Na waiga wajen Dokta ina fatan ya cece ni. Ya dubi agogonsa.

“Kai ne jagora har azahar,” in ji shi.

Gaskiya na yi tunanin guduwa mota. Abin da ya hana ni, wataƙila, shi ne fuskar Dokta. Ba fushi na gani ba, na ga mutumin da ke kallon ƙofar da ya daɗe yana ginawa tana rufuwa. Na ce wa Ramatu ta kai mutane inuwar gawo. Na bi dattijon, na cire takalma, na durƙusa a cikin kashin shanu (ban zaɓi wurin ba), na ce laifina ne ni kaɗai, ba na malamina ba. Na yage shafin a gabansa.

“Takarda ka yaga, ɗana. Adadin da ya shiga kanka hwa?”

Na gaya masa gaskiya, cewa babu abin da ya shiga, domin shanun sun ƙi tsayawa wuri ɗaya, kuma ina zargin wata mai karyayyen ƙaho sau uku na ƙirga ta. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya yi dariyar da ta fito da sauran haƙoransa, ya miƙo mini igiya.

“Tunda kana son sanin yawansu, tahi ka shayar da su. Hannunka zai hwaɗa maka.”

Na ja guga har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Daga bakin rijiyar na riƙa ba da umarni tsakanin numfashi: Ramatu ta kai rabin mutane wajen matan cuku, sauran su taya ni zuba ruwa a kwami. Jadawalina kuwa wani maraƙi ya cinye gefensa. Ina jin dattawan biyu a inuwa suna ta wasansu na Arawa da Fulani. Baffa ya ce dole ɗalibin Ba'are ya ƙirga dukiyar wani, tunda malaminsa ko akuya bai gada ba. Dokta ya ce ai shanun na kakansa ne, kiwo aka ba Fulani suka manta hanyar mayarwa.

A mota Dokta ya gaya mini shi ya sa Ramatu ta yi tambayar. Yana son ya ga yadda zan hana baƙo abin da bai dace ba, ba tare da na kunyata shi ba. Ya ce bai taɓa zaton ɗan Kurfey zai ɗaga biro ba. Na samu sha biyu. A ƙasan takardar ya rubuta cewa na san yi wa baƙo hidima, saura in koyi cewa mai gida ma a hannuna yake, kuma makin duk na bayan durƙuson ne.

Ya ci gaba da kai ɗalibai rugar, kuma an ce Baffa yakan tambayi lafiyar “mai haraji”. Ni kuwa har yau ban san yawan shanun ba. Abin da na sani, guga ta fi jadawali nauyi, kuma akwai gurbin da mai hankali ke bari ba komai.