Ƙofa Mai Maciji

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu, Gaya ta bakin kogi, ba za su bar ni ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuwa ina ji da kaina, wai duk garin babu kafinta kamata (ni na naɗa kaina, ba wanda ya ba ni rawanin).

Alhaji Garba mai kamyo, wato babbar motar kaya, shi ne ya dawo daga Kwatano da wani mashin na hannu, bai fi tukunyar miya ba, mai haƙori ɗaya a ƙasa da ke juyawa yana fidda ado a gefen katako. Ya haɗo da injin kuran mai ba shi wutar lantarki, da ƙyauren maɗaci guda ɗaya tak na zaurensa. Ya ce in na ƙawata wannan, ƙofofin sabon gidansa duka aikina ne, mashin ɗin ma nawa.

To, ni da wayona sai na ɗauki abin kamar bikin suna. Na zuba babbar rigata ta Sallah, na kafa hula, na bi gari ina shela. Kafin hantsi ƙofar gidan ta cika, har masunta sun baro bakin kogi.

Cikin taron akwai Baba Kosi, wani tsohon kafinta ɗan Dahome da ya ƙetaro kogi daga garin Malanbil, wanda ya taɓa aiki da irin mashin ɗin. Ya jawo ni gefe.

"Ɗana, tuɓe rigar nan. Ka matse ƙyauren da ƙarfe a kan tebur. Ka ci katakon kaɗan-kaɗan, kuma ka tura mashin ta inda yake turjewa, kada ka bi inda yake jan ka."

Haushi ya turnuƙe ni. A gaban jama'a za a koya mini katako? Na ce, "Baba, da gizago aka yaye ni." Na shimfiɗa ƙyauren a ƙasa, na take shi da ƙafa yadda muke yi wajen sassaƙa, na sauke haƙorin har ƙarshe don in gama a tafi ɗaya. Na yi bisimilla (wallahi ita kaɗai na yi daidai ranar).

Mashin ya ɗauki kuka. Na ji yana ja, na ce madalla, ashe ya san hanya, na bi shi. Kai! Sai ya ƙwace, ya bar gefen, ya ratsa tsakiyar ƙyauren yana karkace-karkace, ni ina biye kamar mai riƙe da maraƙi. Ina laluben wurin kashewa, hannun rigata ya zamo ya sauko. Ɗan banzan ya cafke shi, ya nannaɗe, ya jawo ni har haɓata ta kusa sumbatar haƙorin. Baba Kosi ne ya fizge wayar.

Riga ta tsage daga kafaɗa har ƙasa, ga tsohuwar singileti mai huji uku a fili, wadda na yi ta cewa ai ba mai ganinta. Wani masunci ya ce, "Sannu, sarkin kafintoci! Yau kifi ya fi ƙarfin fatsa." Aka bushe da dariya, ni kuwa na rasa wanda zan rufe, cikina ko fuskata.

Alhaji bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi, da na huta. Ya danƙa wa Baba Kosi aikin gidan da mashin, sannan ya sa aka kafa ƙyauren a zaure yadda yake, da sawun mashin a tsakiyarsa kamar maciji. Har yau in baƙo ya tambayi gidan, sai a ce, "Miƙe, za ka ga ƙofa mai maciji." Duk wanda ya tsaya kallo kuwa sai an gaya masa sunana, har da na ubana. Abin yana ƙona mini rai!

Sai da na daɗe ina matse wa Baba Kosi katako kafin ya bari na sake taɓa mashin ɗin. Na dai gane cewa babbar riga ta filin Idi ce. Kuma in tsoho ya jawo ka gefe ya yi maka magana a hankali, ka ji. In ka ƙi, gari ne zai maimaita maka da ƙarfi.