Motar da Ba a Wankewa

Ina iya mantawa da ranar da na fara taka ƙafa a New York, amma Asabar ɗin da na sayar da motar farko a garejin Alhaji Bawa, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. (Na ce "na sayar" ne don in rufa wa kaina asiri. In kun ji ƙarshen labarin ku yanke hukunci da kanku.)

Ranakun aiki motar kai marasa lafiya asibiti nake tuƙawa a Bronx. Amma daga Juma'a da yamma zuwa Lahadi, in kana nemana ka gangara bayan Fordham Road, za ka tarar da ƙafafuna sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota. Alhaji Bawa mutumin Zangon Kumasi ne, ya fi shekara talatin a garin nan, kuma sana'arsa kashi biyu ce. Akwai tsofaffin motocin tsere masu kujera biyu, waɗanda yake farautowa yana gyarawa yana sayarwa. Akwai kuma motocin haɗi, waɗanda ake turowa gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna, ka zauna da takarda da sifana ka haɗa abinka har ta tashi. Mu uku ne a wurin, ni da Alhaji da Malam Isufu, wani dattijo mai gyaran bodi daga Maraɗi.

Ni kuwa ina da ciwo guda ɗaya, gani nake don sayar da mota aka haife ni. A hannun kawuna na taso, dillalin motoci ne a Kano, kuma a wurinsa ba a karya kumallo sai an wanke mota. Taya sai ta yi baƙi wuluk, inji a wanke shi da kalanzir, ciki a fesa turare. Ka nuna wa mai saye mota da ƙura a jikinta, daidai yake da ka tari baƙo ba ka wanke baki ba. Shekara biyu ina yi wa Alhaji naci ya bar ni in riƙa tsayawa da masu saye, kullum amsarsa ɗaya ce: "Yoo, Ɗan Kano, da lokaci."

Sai ga lokacin ya zo da kansa. Wata Litinin aka sauke mana mota daga wata gona can arewacin jihar, ƙirar Ingila, ta shekara wajen arba'in a ɗakin ajiyar kayan noma ba wanda ya taɓa ta. Kwana biyu bayan haka aka yi wa Alhaji rasuwa a gida, dole ya tafi Kumasi. Kafin ya wuce filin jirgi ya kira ni garejin, ya ja ni gefe.

"Ɗan Kano, ran Asabar wani mata zai zo ɗaukan motan nan. Mun gama magana da shi a waya. Kai dai buɗe mishi ƙofa, ka ba shi takarda ya yi sign. Kar ka yi komi. In wannan ya tafi lafiya, customer duka naka ne."

(Mutanen Zango kowa "shi" ne a bakinsu, mace ko namiji, kada ku ruɗe.)

Wallahi ban san lokacin da na rungume shi ba. Ranar da waƙa na koma gida. Na gaya wa matata, na gaya wa 'yata Hanifa, na gaya wa mai gadin ginin da muke haya, wanda ko tambayata bai yi ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga garejin ni kaɗai, don Malam Isufu ya tafi suna a titin 116. Na yaye tamfol na tsaya ina kallon motar, sai na ji kunya ta kama ni a madadin Alhaji. Jan fentinta ya koɗe ya koma launin tukunyar ƙasa. Ƙura ta yi kauri har kana iya shuka gyaɗa a kan bonet. Gilashin gaba duk tsofaffin sitika. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙofar direba, inda wani ya ɗauki farin fentin gida ya rubuta lamba goma sha huɗu, ɗayan ya jingina, huɗun ya karkace kamar zai zauna, ga fenti ya tsiyayo ƙasa ya bushe.

Na tuna Alhaji ya ce kar in yi komai. Amma ni da na san halin manya, sai na fassara masa maganarsa da kaina. Na ce kara ce yake yi mini, ba ya son ya ɗora mini wahala. Ko kuma gwaji ne, yana son ya ga ko ina da idon sana'a. Duk ta inda na juya maganar, bokiti take nuna mini.

Kafin in fara na ciro waya na ɗauki bidiyo, don in ɗora a status 'yan Kano su ga yadda take da yadda za ta koma. Na zagaya motar ina bayani da muryar masu sharhin ƙwallo, na matso da wayar dab da lambar nan na faɗi abin da ke raina. Sannan na naɗe hannun riga.

Ku yi mini adalci, aiki kam na yi shi. Na wanke ta sau uku. Na kankare sitikun nan da reza ɗaya bayan ɗaya. Lambar ce ta yi mini taurin kai, sai da na haɗa mata da tinna da samfefa mai laushi sannan ta saki. Na bi jikin da folish har kafaɗata ta yi tsami, na shafe tayoyi, na fesa turaren da nake ajiyewa don Sallah. Da aka kira magariba na ja da baya na ga fuskata a jikin ƙofar, na ce, "Kawu, da ma kana nan ka ga ɗanka."

Asabar da safe na saka shaddata mai ruwan ƙasa, na kafa hula. Malam Isufu ya shigo da kofin shayi a hannu, ya ga motar, ya tsaya cak.

"Innalillahi. Wa ya yi wanga aiki?"

Na gyara tsayuwa. "Ni ne, Malam."

"Bon. Alhaji ya sani?"

"Surprise ne."

Ya daɗe yana kallona. "Ƙwarai kuwa, surprise ne. Ɗan Kano, masu sayen irin waɗanga motoci, ƙurar ma so suke su gani. Ita ka nuna musu ba a taɓa ta ba. Ba a wanke ta sai mai ita ya ce."

Kafin in ba shi amsa (kuma ina da amsa, har da misalai daga Kano) tasi ta tsaya a bakin ƙofa. Wata Baturiya ce ta fito, za ta haura sittin, gashinta fari tas, da wani tsohon hoto a hannunta. Na tarbe ta da Turancin da na kwana biyu ina maimaitawa a gaban madubi. Ta gaishe ni da fara'a, ta wuce motar ba ta ko kalle ta ba, tana leƙe-leƙe a cikin garejin.

"Ina motar take?"

Na nuna mata da hannu biyu kamar mai gabatar da amarya.

Ta dawo a hankali, ta zagaya wajen ƙofar direba, ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta daidai wurin da na fi gogewa. Ta ce, "Ina lambar?"

Na ce na cire mata ita, kyauta, ba sai ta gode ba.

Hoton kawai ta miƙo mini. Motar ce, sabuwa fil. Ga wani mutum da hular kwano a hammata yana dariya, ga wata ƙaramar yarinya a tsugune gaban ƙofar da burushi a hannu, fenti har a goshinta. Ta ce mahaifinta ne. Da motar yake tsere a ƙarshen mako, kuma ranar tserensa na farko ya ba ta burushi ya ce ita za ta rubuta masa lamba. Da ya kwanta ciwo aka sayar da motar, bai tashi ba. Shekara da shekaru tana nemanta, kuma da wannan karkatacciyar lambar ta gane ta a hotunan da Alhaji ya tura mata.

Na ji shaddar jikina ta yi mini nauyi. Na ji tausayinta, na ji haushin kaina, na kuma ga masu sayen da aka yi mini alkawari suna ficewa daga hannuna ɗaya bayan ɗaya. Da na yi shiru a nan, da abin ya tsaya iya nan. Amma ta ɗago ta ce hotunan Alhaji daga nesa aka ɗauke su, ko akwai wanda ya ɗauki lambar kusa-kusa kafin a goge?

Ni uban 'yan gyara ɓarna, na yi tsalle. "Ai har bidiyo na yi!"

Sai da na danna na miƙa mata wayar na tuna bidiyon yana da murya. Muryata ta cika garejin, Hausa tsantsa, da dariya a tsakani. Ta kalla har ƙarshe, ta mayar da shi baya, sannan ta juya wajen Malam Isufu.

"Me yake cewa a nan, da ya matso kusa da lambar?"

Na taka ƙafar Malam. Na ƙara takawa. Amma Malam Isufu shi ne ladanin masallacinsu, kuma tun da na san shi ko a kan lafiyar taya ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Ya janye ƙafarsa, ya yi gyaran murya, ya fassara da Turancinsa mai ƙanshin Faransanci, kalma bayan kalma.

"Madam, cewa ya yi, ku dubi wannan ƙazanta. Wanda ya rubuta wannan, ko ɗan aji ɗaya ba zai yi haka ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Shekarata shida. A aji ɗaya nake."

Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba, simintin Alhaji mai kyau ne. Ina tsaye riƙe da hulata (ban san lokacin da na cire ta ba) sai na ji wani sauti ya fito daga bakinta. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce, ta yi ta yi har ta zauna a kan tayar da ke gefe, daga baya kukan ya biyo, ta haɗa su biyun.

Malam Isufu ne ya cece ni, bayan ya gama yanka ni. Ya ce in kama mu turo motar waje cikin rana. Muka turo. Ya karkata kai ya nuna ƙofar da ɗan yatsa. Ashe wurin da farin fentin ya rufe duk shekarun nan rana ba ta ci shi ba, jansa ya fi na sauran jikin duhu. In ka tsaya ta gefe sai ka ga inuwar lambar ɓaro-ɓaro, ɗayan a jingine, huɗun yana shirin zama.

"Voilà," in ji Malam. "Ya goge fenti, amma wurin na nan."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko muna da farin fenti da burushi. Da gudu na ɗauko, shadda na jan ƙasa. Ta durƙusa a bakin titi ta fara bin inuwar nan, ni kuma na tsuguna kusa da ita riƙe da gwangwani, masu wucewa suna tsayawa kallo. Fentin ya tsiyayo daga ƙasan huɗun. Na miƙa tsumma zan share, Malam ya buge mini hannu. Da ta gama ta ja da baya, ta dube ni ta ce, "To, wannan ɗan aji nawa ne?"

Na ce, "Madam, wannan farfesa ne."

Ta sa hannu a takardu, motar ɗaukar kaya ta zo ta tafi da abarta. Da yamma Alhaji ya kira daga Kumasi, kuma ba sai na gaya muku wanda ya riga ni ba shi labari ba. Ya saurare ni har na gama kame-kamena, sannan ya ce, "Ɗan Kano, na ce kar ka yi komi. Komi ɗin ne ka yi duka." Maganar masu saye kuwa ya ce a bar ta tukuna. Ya mayar da ni ɓangaren motocin haɗi, wai su sababbi ne daga akwati, ba tarihin kowa a jikinsu da zan goge. Can nake har yau, kuma duk Bronx ba mai kirana Ɗan Kano yanzu, Mai Bokiti ake ce mini.

Abin da na koya shi ne, kafin in goge datti sai na tambayi na waye. Na so in kai darasin nan gida, da matata ta ce in share ƙurar da ke kan kabad ɗin falo, na ce mata sai mun binciki tarihinta tukuna. Ta miƙo mini tsumma ta ce, "Baban Hanifa, wannan ƙurar taka ce, kuma mai ita ya yarda."