Ranar da Sitiyarin Ciyaman Ya Ƙi Juyawa

Idan ana lissafin manyan mutanen yankin Karoo, sai a fara da Oom Barend Oosthuizen, a sha ruwa a huta, sannan a tuna da sauran. Shi ne Ciyaman na Ƙungiyar Masu Gida Kan Taya, wato mu tsofaffin da muka yi ritaya muka sayi motoci masu gado da kicin da banɗaki, muna yawo da su kamar kunkuru. Duk ƙuruciyarsa a ofishin lasisin karnuka ya ƙare ta, yana buga hatimi. A can ya samo ilimin injin mota, da na damina, da na siyasar duniya. Ba ya tuƙi sai da farar safar hannu. Motarsa suna gare ta, Gimbiya, kuma haramun ne a jingina da ita. Muna kiransa Janar. Shi ya ɗauka girmamawa ce.

Ranar tafiya bakin teku, inda muke gashin kifi na shekara da zaɓen shugaba, muka taru da safe a filin coci. Fanie Labuschagne, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar Ciyaman, ya nuna ƙarƙashin Gimbiya da sandarsa.

"Ciyaman, 'yar gatan taka fa jini take zubarwa. Ko man sitiyari ne?"

Wani jan ruwa ne ya taru a ƙasa, yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Janar ya durƙusa da ƙyar, ya cire safa, ya dangwala yatsa, ya lasa. Fuskarsa ta yamutse kamar tsohon lemon tsami. Amma jarumi ne, ya haɗiye.

"Tumatir ne," in ji shi. "Hermien, kin sake barin kwalbar miya a buɗe."

Matarsa, Tannie Hermien, ta leƙo ta taga. "Tsoho, ni ban yi miya ba."

"To ta bara ce. A hau motoci!"

Muka ɗau hanya a jere, Gimbiya a gaba. Ba a yi nisa ba sitiyarinta ya fara kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Janar ya ɗauki oba-oba ya kwantar mana da hankali.

"Jama'a, abin da kuke ji sautin lafiyayyen inji ne. Wanda motarsa ba ta yin haka, ya gan ni bayan taro."

Muka iso mararrabar da ake karyawa hagu zuwa teku. Gimbiya ta kunna sigina. Ta rage gudu. Fanie da ke bayanta ya rantse ya hango Janar ta madubi, ya rungume sitiyari da hannu biyu da ƙirji, wuyansa ya yi jawur. Sitiyari ko gezau. Gimbiya ta wuce sak, siginarta na ƙyafta ido.

"Na sauya tsari," in ji oba-oba, tana haki. "Waccan hanyar ta gama-garin mutane ce. Akwai yanke da ni kaɗai na sani."

Haka aka yi a mararraba ta gaba, da ta gabanta. Teku na hagu, mu muna nausawa cikin daji. Tumaki suka daina kiwo suna kallonmu. Ƙanƙarar da ke cikin akwatunan naman kowa ta fara narkewa, matan ƙungiya suka fara magana a oba-oba da irin muryar da ba ta buƙatar oba-oba.

Da rana ta take, Janar ya taka birki a tsakiyar hanya, domin gefen hanya ma sai an juya ake zuwa. Ya kira mu darasi. Ya ɗaga bonet, ya zaro kwalbar jan mai daga aljihun jaket kamar bai san da ita ba.

"Gimbiya lafiyarta ƙalau," ya ce. "Misali kawai zan nuna muku, don wata rana. Jahili shi ke duba rubutun murfi. Gwani da hannu yake gane wurin zuba mai."

Idonsa na kanmu, bakinsa na kan tarihin injiniyoyin Jamus, ya lalubo wani murfi ya buɗe, ya juye kwalbar tas. Aka tafa masa. Fanie ya fi kowa tafi, har da share hawaye.

Muka ci gaba, har wani ɗan gari ya bayyana. A bakinsa akwai shataletale mai furanni, da gunkin ƙaton rago a tsakiya, abin alfaharin masu kiwon yankin. Ƙwari sun ɓata gilashin Gimbiya, sai Janar ya ja waifa don ya ga abokin gabarsa, wato shataletalen, da kyau.

Jan mai ya feso. Ashe tankin ruwan wanke gilashi ya ɗura wa. Waifa ta shafe shi dama da hagu, tsaf, kamar ana shafa wa burodi bota. Duniya ta koma ja.

"Ku biyo ni!" ita ce kalmarsa ta ƙarshe a matsayin jagora.

Gimbiya ta haura dakali, ta nome furanni, ta je ta sumbaci ragon a goshi. Motoci biyu masu tsananin biyayya suka haura bayanta.

Sai ƙofa ta buɗe. Tannie Hermien ta zagayo, ta cire takalmi, ta naɗe hannun riga.

"Matsa, tsoho."

"Hermien, dokar ƙungiya ta ce..."

"Matsa, ko in ɗauke ka."

Ta goge gilashi da farar safarsa. Matar nan tun tana budurwa take kwaɓa fulawa da ɗaga buhunan abincin tumaki. Ta cafki sitiyarin kamar kunnen ɗan maraƙi, ta murɗa, ya yi ƙara, ya bi. Ta ja da baya, ta zagaya shataletalen, ta nufi teku. Oba-oba ta yi tari.

"Sanarwa," in ji Janar. "Na naɗa direba."

Mun isa rana na shirin faɗuwa, nama ya fara wari, kifi ya ƙare a kasuwa. Aka yi zaɓe a kan yunwa. Fanie ya tashi zai karanta jawabinsa, ba wanda ya saurara. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya don Hermien, har da na matar Fanie.

Sabuwar shugaba mai tausayi ce, ba ta bar mijinta haka ba. Makanike sai bayan hutu zai zo sauya tiyon man sitiyarin da ya tsage, ga masu filin da muka sauka sun ce ɗigon mai ɗaya a kan ciyawarsu, mu tattara mu bar musu wuri. Don haka ta miƙa masa robar tarar mai, ta naɗa shi Babban Darakta Mai Kula da Ɗigo.

Duk hutun, ƙafafunsa kawai muke gani daga ƙarƙashin Gimbiya. Wani baƙo ya zo wucewa, ya sunkuya ya ce, "Sannu da aiki, Baba."

Murya ta fito daga ƙasa, cike da isa: "Darakta ake cewa. Kuma ba a ganina sai an nemi izini."