Rasuwar Sai-da-Turi, Mota Mai Tambarin Zakara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika taf har yana zuba, tsohon shugaban majalisar masoya motoci masu tambarin Zakara yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ke murna a ɓoye, rasuwar motarsa, wadda maƙiya suka laƙaba wa suna Sai-da-Turi. Ta cika a kan hawan gada da rana tsaka, tana tururi, jama'a na kallo.

Marigayiya ta yi rayuwa mai tsabta. Ba ta taɓa ɗaukar ko ƙusa ɗaya ta wani kamfani a jikinta ba. Kowace safiya takan gaishe da unguwa da kiri-kiri-kiri, ta yi tari sau biyu, sannan ta yi shiru tana jiran a zo a tura. Idan ta tashi kuwa, salansarta na cewa faf-faf-faf har ƙarshen layi, kuma babu wanda ya taɓa makara sallar asuba a maƙwabtanta.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga fanfon ruwa. Bakanike ya duba ya ce abin ba wuya, akwai na wani kamfani da ke shiga daidai kamar don ita aka yi. Sai dai a makon ne kamfanin Zakara ya sanar cewa ya daina ƙera irinta, zai koma masu aiki da lantarki, zakaran ma an sauke shi, an maye gurbinsa da wasu layuka uku kamar tonon kaza. Majalisa, wadda ke zama kan bencuna a gaban gareji, ta kama da wuta. Tela, mataimakin shugaba, ya rantse cewa motar da ba ta ƙara ba mota ba ce, firji ce mai taya. Mai Kemis ya ce kamfanin zai dawo hayyacinsa, ya ma ji ƙishin-ƙishin wata ƙirar na tafe da zakara mai fukafukai. Aka wuni ana musu kan motocin da babu wanda zai iya saya a cikinsu, aka tashi da doka: duk wanda ya sa wa motarsa kayan baƙo ya fita daga zuri'a. Kujerar shugaba kuwa tun asali ta mai motar da ke tafiya ce.

Shugaba shi ya fara ɗaga hannu. Ya ƙi fanfon baƙo, ya zauna jiran na asali daga kamfanin da ya riga ya manta da shi. Ya riƙa yawo da jarkar ruwa a kujerar gaba, yana shayar da ita a kowace kwana, har ranar da ta hau gada ta ce ƙwas-ƙwas, ta saki wani dogon fuuu, inji ya buga.

Ta rasu ta bar mai ita a ƙasa. Ta bar matarsa, wadda ta fi kowa turi, wadda kuma aka ji tana waƙa a kicin ranar da labari ya iso. Ta bar yara da ƙwanji, da tabon baƙin mai a ƙofar gida wanda ba zai taɓa wankuwa ba.

Ana godiya ga 'yan majalisa da suka yi tururuwar zuwa ta'aziyya, kowa da sifana a aljihu. Da yake kayan irinta sun yi wuya, kafin a gama gaisawa an raba gado. Mai Kemis ya share hawaye ya tafi da fitilu. Tela, wanda ya hau kujera tun gawa ba ta huce ba, ya roƙi lagireto don tunawa da ita. Tsohon shugaba ya bi shi gareji ya ga inda za a kai amanar, bakanike ya ɗaga bonet ɗin motar Tela, sai ga fanfon baƙo zaune a ciki, har ya yi tsatsa don daɗewa. Shugaba ya dubi bakanike. Bakanike ya goge hannu ya ce ai duk majalisar haka suke, shi da hannunsa ya ɗaura musu, mutum ɗaya ne kawai ya ɗauki dokar da gaske. Wannan magana ta fi mutuwar ciwo, kuma Shugaba bai yafe ba.

Za a kai abin da ya rage na marigayiya wurin masu sayen tsohon ƙarfe ranar Asabar da hantsi. Ba za a kira janwe ba, da turi za ta tafi kamar yadda ta rayu. Ana roƙon masu rakiya su bar sifana a gida, wanda kuma ya ɓalle zakaran daga goshinta ya ji tsoron Allah ya dawo da shi. Bayan an kammala, sabon shugaba ya yi alkawarin rage wa mai makoki hanya a motarsa, mai lagireton marigayiya da fanfon baƙo. Mai makoki ya amsa tayin, don wurin da nisa kuma ba shi da abin hawa.